Doka a Kulle, Hukunci a Fili

A gaban alƙali, rashin sanin doka ba ya zama uzuri. Wannan ƙa'ida tana hawa kan mai noman rake a Makarfi, da mai tumatir a Ikara, da 'yar kasuwa a Hunƙuyi, hedikwatar Kudan. To, a ina aka ajiye musu dokar da za su sani?

Amsar abin kunya ce. Kundin dokokin tarayya na 2004 ya tsaya ne a kan dokokin da ke aiki zuwa ƙarshen 2002, wato ya tsufa tun kafin ya bar maɗaba'a. A Jihar Kaduna, Dokar Finalkod ta 2017 ta maye gurbin wadda aka gada daga Jihar Arewa tun 1960. Sai kuma a 2020 aka yi mata gyara, aka tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yarinya ko yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Lauya ko ɗan sandan da ke riƙe da bugun 2017 yana karanta hukuncin da aka riga aka sauya, domin takarda ba ta gyara kanta.

Masu kare takarda sukan ce karkara ba wuta, ba intanet mai ƙarfi. Wannan tausayin kura ne ga akuya. Yaushe gazet ɗin gwamnati ya taɓa isa kasuwar Makarfi? Kundayen suna kabad a ma'aikatu da ofisoshin manyan lauyoyi a Kaduna da Zariya, alhali waya tana aljihun direba da ɗan dako. Wanda ke amfana da duhun shi ne mai karɓar harajin da ba a rubuta ba, da mai sayar da belin da doka ta ce kyauta ne.

Amma ɗaukar hoton tsofaffin shafuka a watsa su a intanet wasa da hankali ne. Abin da ake bin Ma'aikatar Shari'a da Majalisar Dokokin jiha shi ne rumbu guda na hukuma, kyauta, wanda ake iya bincika kalma a cikinsa, mai nuna ranar kowane gyara, wanda kotu za ta karɓa tamkar gazet. A haɗa da fassarar Hausa, a kuma wajabta wa rajistaran kowace kotu a Ikara, Makarfi da Kudan ya buga wa mai buƙata sashen da ya nema. Birtaniya ta buɗe irin wannan rumbu a 2010, Kenya ma tana da nata.

Gwamnatin da ta iya mayar da karɓar haraji da rajistar filaye kan kwamfuta ba ta rasa dabara ba. Inda za ta karɓa ta yi hanzari. Inda talaka zai kare kansa kuwa, har yau sai ya biya kuɗin mota zuwa Kaduna.