Raddi Ga Mai Cewa "Shutter" Kwafin Fatalwar Japan Ne

Wani ɗan'uwa mai sharhin fina-finai ya rubuta maƙala a kan Shutter, fim ɗin ban tsoro na ƙasar Tailan wanda Banjong Pisanthanakun da Parkpoom Wongpoom suka ba da umarninsa a 2004, ya yanke masa hukunci cikin gaggawa. Abin da ya ce a taƙaice shi ne: fim ɗin satar fasaha ce daga Japan, an ɗauko mace mai dogon gashi daga Ringu an sauya mata gari, tsoron da ke cikinsa ƙara ce kawai ake buga wa mutum a kunne, labarin ba shi da kan gado, wanda Amurkawa suka sake yi ya fi shi, kuma wai bai dace Musulmi ya ɓata lokacinsa a kan labarin matacciya mai dawowa ba. Zan bi maganganun nan ɗaya bayan ɗaya, zan kuma yi masa adalci gwargwadon iko, ko da yake shi bai yi wa fim ɗin ba. Wanda bai kalla ba ya sani zan tona ƙarshen labarin, domin ba zai yiwu a kare Shutter ba tare da an taɓo ƙarshensa ba.

Mu fara da zancen kwafi, tunda a kansa malamin ya ɗora komai. Hujjarsa guda ce tal: gashi. Sadako ta Ringu tana da dogon baƙin gashi, Natre ta Shutter ma tana da shi, shi ke nan an kama ɓarawo. Haba Malam! Ko a Japan ɗin ai ba Hideo Nakata ne ya ƙirƙiro wannan siffa ba. Fim ɗinsa Ringu ya fito a 1998, daga littafin Koji Suzuki na 1991, alhali matar da aka zalunta ta dawo da gashi a barbaje tana kan dandalin wasan kwaikwayon gargajiya na Japan tun Yotsuya Kaidan na 1825. In gashi ne shaidar sata, to a fara gurfanar da Nakata kafin a zo kan yaran Bankok.

Tambayar da mai sharhi na gaskiya zai yi ita ce: wa fatalwar take bi, kuma saboda me? A Ringu, duk wanda ya kalli wani kaset na Sadako kwana bakwai suka rage masa, ko ɗan makaranta ne ko 'yar jarida, ko ya san Sadako ko bai taɓa jin sunanta ba. Hanyar tsira ma ita ce ka kwafi kaset ɗin ka miƙa wa wani ya mutu a madadinka. A Ju-On na Takashi Shimizu, na 2002, laifinka kawai shi ne ka taka cikin gidan. Tsoron waɗannan fina-finai na annoba ne, wadda ba ta tambayar mai laifi ko marar laifi.

Natre fa? Ɗaliba ce mai kunya, marar kowa a jami'a. Tun, mai ɗaukar hoto, ya yi soyayya da ita a ɓoye don kada abokansa su yi masa dariya. Da ya gaji da ita ya rasa yadda zai rabu da ita, sai ya bar wa abokan nan aikin. Suka tare ta a ɗakin gwaje-gwaje suka yi mata fyaɗe, Tun ya shigo ya tarar da su, maimakon ya cece ta sai ya ɗaga kyamara ya ɗauki hoto don a rufe mata baki. Ta bar makaranta, ta koma garinsu, ta kashe kanta. To ka ƙirga waɗanda ta halaka a fim ɗin: abokan nan ne, sai Tun da ta bari da rai cikin azaba. Jane, budurwarsa ta yanzu, wadda take kwana gida ɗaya da shi, ta sha firgita amma ba a kashe ta ba. Hasali ma ita fatalwar ta yi wa jagora, ta cikin jerin hotunan da suke nuna inuwa tana rarrafawa zuwa kantar littattafai, har Jane ta gano nagatif ɗin da Tun ya ɓoye. Wace irin Sadako ce take zaɓen masu laifi, har ta nemi shaida ta nuna mata hujja? Bahaushe ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Wannan ne ginshiƙin Shutter tun daga farko har ƙarshe, kuma babu shi a Ringu ko kaɗan.

Da malamin ya ɗan wahalar da kansa ya leƙa al'adun mutanen da yake yi wa hukunci, da ya tarar da asalin Natre a gida. Babu labarin fatalwa da ya kai na Mae Nak shahara a Tailan: matar da ta mutu wajen haihuwa mijinta Mak yana fagen yaƙi, ya dawo ya ci gaba da zama da ita bai san matacciya ba ce, ita kuma ta ƙi sakinsa. Har yau mutane suna kai ziyara wurin da aka keɓe mata a haikalin Mahabut da ke Bankok. An yi fim ɗinta a 1959, kusan shekara arba'in kafin Ringu, Nonzee Nimibutr ya sake yi a 1999 da sunan Nang Nak, shi kansa Banjong ya dawo kan labarin a 2013 da Pee Mak, wanda ya zama fim ɗin Tailan mafi samun kuɗi a lokacinsa. Matacciyar da ta maƙale wa namijinta ta ƙi tafiya, wannan gadon Nak ne. Bambancin kawai, Mak bai cuci Nak ba, Tun kuwa ya cuci Natre, shi ya sa maƙalewar tata ta zama hukunci. Sannan mutanen Tailan suna da tsohon imani cewa wanda ya yi mummunar mutuwa, ta kisa ko haɗari ko kashe kai, ruhinsa ba ya samun natsuwa, suna kiransa phi tai hong. Akasarinsu mabiya addinin Buda ne, masu ƙona gawa, masu imani cewa aikin mutum yana bin sa. Shi ya sa lokacin da Tun da Jane suka tarar uwar Natre ta ajiye gawar 'yarta a kan gado ta ƙi yarda a ƙone ta, ɗan kallo a Bankok zai ce ga matsalar nan, da an yi jana'iza komai zai lafa. Aka yi jana'izar, bai lafa ba, domin abin da ya hana Natre tafiya yana ɓoye a gidan Tun. Fim ɗin ya yi amfani da imanin masu kallonsa ya yaudare su. Ta yaya wanda yake kwafar Japan ido rufe zai iya wannan?

Ban ce babu hannun Japan a ciki ba. Farar fuskar, da jini a ido, da saukowar da Natre ta yi a tsanin bayan bene kai a ƙasa tana bin Tun, duk salon da kasuwa take so ne a shekarun da suka biyo bayan Ringu, kuma matasan daraktocin nan, da yake fim ɗinsu na farko ke nan, sun bi kasuwa. Da malamin ya ce an ari kwalliya, da na sa masa hannu. Cewa ya yi an saci fim ɗin gaba ɗaya, wannan kuwa magana ce ta wanda ya kalli fasta ya rubuta sharhi.

Sai zancen ƙara. Gaskiya ne akwai wuraren da aka dogara da bugun sauti, kamar inda fuskar Natre ta bayyana a gilashin mota suna gudu da dare, kuma sun yi yawa a tsakiyar fim ɗin. Amma ina roƙon malamin ya gaya mana wace ƙara aka buga a asibiti. Tun ya je yana kukan ciwon wuya, likita bai ga karaya ba, nas ta ɗora shi a sikeli ta ga kusan kilo 120, ta dube shi, siririn saurayi, ta yi mamaki, aka wuce. Mai kallo ya ɗauka sikelin ne ya lalace, ya manta. Sai a mintunan ƙarshe, bayan Jane ta bar shi, Tun yana zagaya gida da kyamarar Polaroid yana neman inda take, ya yi jifa da kyamarar cikin fushi, ta ɗauke shi da kanta. Hoton ya fito, ga Natre zaune a kan kafaɗunsa. Nan take ciwon wuyan da nauyin sikelin suka dawo wa mai kallo, ya gane tun farkon fim ɗin yana kallonta ne bai sani ba. Wannan tsoro ne da aka shuka tun da wuri aka yi haƙuri har ya nuna. Haka nan fitowar ɗakin wanke hoto: Tun yana aiki cikin jan haske, mace ta shigo ta tsaya gefensa, yana yi mata magana a matsayin Jane, waya ta yi ƙara a falo, ya je ya ɗauka, sai ga muryar Jane tana cewa ba ta iso ba tukuna. Abin da ya tayar da tsigar jiki a nan tunani ne, ba lasifika ba.

Ita kanta Polaroid ɗin ba daga sama ta faɗo ba. Da farko Tun da Jane sun je wurin editan wata mujalla mai buga hotunan fatalwa, ya nuna musu yadda ma'aikatansa suke ƙirƙirar na bogi, sannan ya ce hoton da kyamara take fitarwa nan take shi ne ba a iya yi wa coge. Masu fim ɗin sun san tarihin sana'ar: tun shekarun 1860 William Mumler yake sayar wa mutanen Amurka hotunan da wai ruhin 'yan'uwansu ya fito a ciki, har aka kai shi kotu a 1869 bisa zargin damfara. Sun kawo shakkar da bakinsu, suka toshe ta, suka ajiye makamin sai ƙarshe. Kuma kyamara ce kayan aikin laifin Tun, ita ce kuma ta ba da shaida a kansa. Malamin bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ko dai bai lura ba, ko ya lura ya ɓoye don kada su rusa masa maƙala, kuma ban san wanne ya fi muni ga mai sharhi ba.

A kan rashin kan gadon labari, yana da 'yar gaskiya, sai dai ya nuna wurin da ba nan ciwon yake ba. Ya ce haɗarin motar farko, inda Jane ta buge wata mace suna dawowa daga shagalin abokai, ba shi da amfani tunda ba a ga gawa ba. Yana da amfani: Jane ta so ta fita ta duba, Tun ne ya ce ta ja mota su gudu. A nan aka nuna mana halinsa, mu ne ba mu ɗauka da zafi ba saboda Ananda Everingham ya taka rawar da fuskar mutumin kirki. In aibi ake nema, ga shi zan bayar kyauta. Ba a gaya mana dalilin da ya sa Natre ta jira tsawon lokacin nan kafin ta fara ramuwa ba. Mutuwar sauran abokan a baki aka ba mu labarinta, ta ɗaya daga cikinsu, Tonn, kaɗai muka gani. Jane ba ta da rayuwar kanta, aikinta bincike ne kawai. Mafi girma kuma, wanda yake ci mini rai, shi ne Natre ba ta samu murya ba. Kusan duk abin da muka sani game da ita daga bakin wanda ya cuce ta ya fito, aka kuma ajiye fyaɗen da aka yi mata a matsayin sirrin da za a girgiza mai kallo da shi. Yarinyar ta cancanci fiye da haka daga marubutan.

Cewa na Amurka ya fi, wannan ba ya buƙatar dogon zance. Na 2008 ne aka kai Tokiyo, Masayuki Ochiai ɗan Japan ya ba da umarni, Megumi Okina ta Ju-On ta fito a fatalwar. In akwai Shutter mai ƙamshin Japan, shi ne wannan, har ina zargin shi malamin ya kalla ya ɗora wa na asali laifinsa. Indiyawa ma sun sake yin sa, Sivi da harshen Tamil a 2007, Click da Hindi a 2010. Me ya sa duk waɗannan ba su tafi kai tsaye wurin Ringu ba, in dai babu komai a nan sai gashi?

Batun aƙida kuwa, babu Musulmin da ya yarda matacce yana dawowa ya hau wuyan mutum, kuma fim ɗin bai nemi mu yarda ba, labarin mutanen wani addini ne a ƙasarsu. Wanda ya ga barin irin waɗannan fina-finai ya fi masa, ya kyauta, babu mai tilasta shi. Amma wannan ba sharhin fim ba ne, an jefo shi ne a ƙarshen maƙala don a rufe bakin mai jayayya.

Shutter yana da ƙarar da ta wuce kima, yana da kwalliyar aro, ya kuma tauye wadda aka zalunta a labarinsa. Duk da haka ba kwafi ba ne, kuma cikin fina-finan ban tsoro na Asiya na wancan zamani kaɗan ne suka kai shi iya ƙulla labari. Malam, ka nemo na asali, na Tailan na 2004, ka kalle shi har zuwa fitowar asibitin ƙarshe, sannan ka sake rubuta maƙalarka.