Sayen Ƙaramar Mota Ta Hannu A Zamanin Tsadar Fetur

 Wannan magana ce a kan wani al'amari da ya dami magidanta masu ƙaramin ƙarfi, malamai da 'yan kasuwa, watau sayen 'yar mota ta hannu wadda za ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ta kai iyali zumunci, ta ɗauko awo daga kasuwa. Wannan bukata ce ta gaskiya, ba alfahari ba. Amma zamani ya juya, wanda ya shiga kasuwar mota yau da lissafin jiya lalle zai fito da nadama.

Abu biyu ne suka juya kasuwar, duka a shekarar 2023. Na farko, ran 29 ga watan Mayu Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000 a garuruwa da yawa. Na biyu, cikin watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Ga shi kuwa tsofaffin motocin Turai da Amurka da dala ake sayo su, kuma ma'aikatan kwastan da farashin dala suke lissafin harajin shigowa a tashoshin jiragen ruwa na Ikko. Tun farkon 2017 kuma gwamnati ta riga ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, hanyar da 'yan Kwatano suka saba bi.

Saboda haka motar da ake kira Beljiyam, wadda ba a taɓa hawanta a ƙasar nan ba, ta fi ƙarfin yawancin magidanta. Sai suka koma ga wadda ta riga ta sha rana da ramukan hanya a hannun mutum biyu ko uku. A nan ne haɗari yake, domin aibin irin wannan mota ba a fuskarta yake ba, a cikinta yake.

Mutanen dā sun san cewa kuɗin doki ba ya ƙarewa ranar ciniki, sai an lissafa harawa da dawa da kanwa da ladan ɗan barga. Haka mota take. A watan Yuli na 2024 aka yanka mafi ƙanƙantar albashi naira 70,000 a wata. In lita tana naira 1,000, albashin nan duka lita 70 zai saya, alhali tankin ƙaramar mota yana shan wajen lita 50. Har wa yau ga inshorar dole, wadda ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, ga sabunta takardu kowace shekara, ga baƙin mai, ga taya, ga batir. To, wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a hannun dillali, da me zai ciyar da ita? Abin da ya kamata shi ne ya raba kuɗinsa tun a gida, ya keɓe wani kaso don gyaran farko, domin ba tsohuwar motar da ba ta neman gyara a watan da ta sauya hannu.

Game da zaɓe kuwa, sau da yawa akan ga babbar mota mai fulogi shida, mai kujerun fata, farashinta ƙasa da na ƙaramar mota mai fulogi huɗu. Kada wannan ya ruɗi kowa. Mai ita ya gaji da shan manta ne, yana neman wanda zai ɗora wa kaya. Araha ba ta ado. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi ƙaramin inji, ya kuma fifita giyar hannu in yana iyawa, gama gyaranta ya fi sauƙi a garejin unguwa.

Sa'an nan ya tambayi kasuwar kayan gyara kafin ya tambayi mai mota. Abin da ya sa Peugeot 504 ta daɗe tana mulkin hanyoyin Arewa shi ne, tun 1975 akwai masana'antar Peugeot a Kaduna, kayanta suna ko'ina, kowane bakanike ya san cikinta. Yau irin wannan matsayi yana ga Toyota Corolla da Volkswagen Golf da makamantansu, waɗanda ake samun kayansu a Ƙofar Ruwa ta Kano da Fanteka ta Kaduna. Amma a tuna Golf 3 a 1991 aka fara ƙera ta, watau manyanta sun haura shekara 30, suna bukatar bincike mai tsanani. Motar da sai an aika Ikko kafin a sami ɗan ƙarfenta, ko kyauta aka ba mutum, ta zama kaya.

Shari'a ba ta bar wannan ciniki kara zube ba. Wanda ya karanta babin saye da sayarwa cikin Risala ko Muhtasar ya san wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, faɗin "na sayar maka yadda ka gan ta" kuwa ba ya wanke shi daga abin da ya ɓoye. Malamai sun yi bayanin tunkiyar da aka ƙi tatsa kwana da kwanaki don hantsarta ta cika, mai saye ya zaci mai nono ce. Sun ce yana da ikon mayar da ita. Mayar da mitar tafiya baya, da zuba mai kauri don ɓoye ƙarar inji, da shafe tsatsa da sabon fenti, duka 'yan'uwan wannan algus ne. Haka kuma haramun ne wani ya tsaya gefe yana ƙara tayi ba da niyyar saye ba, sai don ya tunzura mai saye. Amma mai saye shi ma ya sani, in ya ga aibi ya ci gaba da hawa ba da larura ba, ya nuna yarda ke nan, hakkinsa na mayarwa ya faɗi.

Don haka kada a yi cinikin biri a sama. Mutum ya tafi da bakaniken da ya amince da shi, wanda ba shi da rabo cikin la'ada. A tayar da motar da safe injinta na sanyi, a dubi launin hayaƙi, a buɗe lagireto a ga ko mai ya gauraya da ruwa, a ɗaga shimfiɗar ƙafa a nemi alamar laka ko tsatsa, gama akan shigo da motocin da ambaliya ta ci a ƙasashensu. A hau ta a kan hanya mai gargada, a gwada birki.

Bayan inji sai takardu. A gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce, a tabbatar da takardar biyan kwastan, a ga mai ita ido da ido. In mota ta sata ce, ranar da mai ita ya bayyana zai karɓi abinsa, mai saye kuwa sai ya bi wanda ya sayar masa, in ya gan shi. A rubuta ciniki, a ambaci aibobin da aka sani ɗaya bayan ɗaya, shaidu biyu su sa hannu. In da sauran biya, rubutun ya ƙara ƙarfi. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Daga ƙarshe, ciyar da iyali da tufatar da su wajibi ne, mota kuwa halal ce kurum, ba a tauye wajibi don halal. Ɗan kasuwa kada ya karya jarinsa, malami kada ya ci bashi da ruwa don ganin ido. Wanda lissafinsa ya nuna zai iya saye amma ba zai iya riƙewa ba, ya haƙura tukuna. Daidai ruwa daidai tsaki. Allah ya sa albarka cikin abin hawa, ya kiyaye hanya. Amin.