Kari a Kunne, a Baki da a Jiki

Kalmomi kaɗan ne a Hausa suka ɗauki nauyi irin wanda "kari" ta ɗauka. Masanin harshe yana maganar karin sauti, wato hawa da saukar murya da ke raba "fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama. Manazarcin adabi yana maganar karin waƙa, makaɗi kuma ya san karin da yake sauya wa kalangunsa idan ya matse tsarkiya. Ba haɗari ne ya tara su a kalma ɗaya ba. Dukkansu tsari ne na sauti da ke komowa a kan lokaci har kunne ya fara tsammaninsa.

Sai dai jiki ya riga baki sanin wannan tsari. Mata uku da ke lugude a turmi ɗaya ba su san ƙafar waƙa ba, amma kowace ta san lokacin da taɓaryarta za ta sauka, har ta jefa ta sama ta tafa kafin ta cafe. Wadda ta makara da ƙiftawar ido, taɓare za su yi karo. Haka gangar noma ke daidaita saukar fartanya a wurin gayya, haka tafin gaɗa ke gaya wa yarinya lokacin da za ta faɗa hannun ƙawayenta. Ko ilimin aruli, wanda Halilu ɗan Ahmadu ya tsara a Basra a ƙarni na 8, ana ba da labarin cewa bugun gudumar maƙera a kasuwa ne ya fara ankarar da shi.

Abin takaici shi ne, a azuzuwa da yawa daga ƙarshe ake fara darasin. Malami zai cika allo da sunayen karuruwa 16 da alamomin gaɓa mai nauyi da marar nauyi, ɗalibai su kwafe, su haddace Mutaƙarab da Mutadarak, alhali ba a rera ko ɗango ɗaya ba. Irin wannan ɗalibi yana iya yanka baiti a takarda, amma a karanta masa waƙa mai karyayyen kari, ba zai ji inda ta yi tuntuɓe ba.

Ya kamata malami ya juya tsarin. A fara da tafi ko buga tebur, ɗalibai su bi waƙar da suka sani tun a dandali. Daga nan a furta "gari" na mazauni da "gari" na tuwo, su ji da kunnensu yadda gaɓar farko ta ɗaya ta fi ta ɗayar tsawo. Sai kunne ya kama wannan bambanci sannan a ɗauki alli, a sa wa kowace gaɓa alamarta, a faɗi sunan karin.