RA'AYI: 2024, shekarar da "babu sabis" ta zame wa majinyata cuta ta biyu

A ƙarshen kowace shekara, mu da ke aikin tace labarai mukan zauna mu tattaro manyan abubuwan da suka faru. Da na zauna yin haka a kan 2024, sai na tarar cewa ranakun da suka fi tsaya mini a rai suna da kama ɗaya: a kowacce akwai mara lafiya a gidanmu, kuma akwai wata na'ura da ta ƙi aiki. Abin da na fahimta shi ne an ɗora kuɗinmu da shaidarmu da layin wayarmu a kan fasahar zamani ba tare da an bar mana hanya ta biyu ba, kuma duk ranar da ta tsaya, majinyaci ne ke fara ɗanɗana kuɗarta.

Ranar Alhamis 14 ga Maris, kwana huɗu da fara azumi, wayoyin intanet guda huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace kusa da gaɓar Kwaddibuwa. Ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma sun shiga matsala, manhajojin bankuna a Najeriya suka riƙa sarƙewa, kuma an ɗauki makonni ana gyara. A daren nan ne zazzaɓi mai zafi ya rufe 'yata mai shekara uku. Muka ɗauke ta daga Jiwa zuwa wani asibiti, likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, sai an yi mata allura da ƙarin ruwa. Akwai kuɗi a asusuna, amma taransifa ta ƙi tafiya, na'urar POS ta ƙi karɓar kati, mai karɓar kuɗi kuma ya ce ba a buɗe fayil sai ya ga alat. Wani dattijo maƙwabcinmu, mai sayar da hatsi, shi ya biyo mu da tsabar kuɗi a aljihun riga. Da na fara yi masa godiya sai ya katse ni: "Malam, je ka biya a duba yarinya, maganar kuɗi sai gari ya waye."

Yarinya ta warke, amma tambayar ba ta bar ni ba: ina makomar wanda ba shi da irin wannan maƙwabci? Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kamar yadda rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya ke nunawa, kuma ƙananan yara ne cutar ta fi kashewa. A wurin yaron da zazzaɓi ya yi wa tsanani, jinkirin 'yan sa'o'i na iya zama ajali. Doka kuwa ba ta yi shiru ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya hana mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili, ya kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyu. Dokar ta cika shekara goma a 2024, amma mutane nawa ne a layin karɓar kati suka san da ita?

A ƙarshen Yuli sai ga rufe layukan waya saboda haɗa su da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN. Mutane suka yi dafifi a ofisoshin kamfanonin sadarwa, har Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ba da umarnin a buɗe layukan, daga baya aka tsayar da 14 ga Satumba a matsayin wa'adin ƙarshe. Layin mahaifiyata na cikin waɗanda aka rufe. Tana da lambar, ta kuma miƙa ta tun tuni, sai dai an rubuta sunanta iri biyu a rajista biyu, bambancin harafi ɗaya tak. Ni da nake cin abinci da gyaran haruffa na san yadda irin wannan kuskure ke aukuwa: suna ɗaya na Hausa, magatakarda uku za su rubuta shi iri uku. Inna tana fama da ciwon suga, kuma ta wannan layi ake tuna mata ranar ganin likita, ta nan take kirana idan jiri ya kama ta. Kwanakin da layin ya yi a rufe, kullum ina ofis hankalina na gida.

Sai Oktoba. Babban layin wutar lantarki na ƙasa ya faɗi sau uku cikin mako guda, sannan jihohin Arewa da dama suka shafe fiye da mako a duhu bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta sami layin Ugwuaji zuwa Apir. A watan ne kuma litar fetur ta haura naira 1,000 a Abuja, tayar da janareta ya gagari gidaje da yawa. Allurar insulin da ba a fara amfani da ita ba tana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, haka ma yawancin alluran rigakafin yara. Mun riƙa sayen ƙanƙara muna zubawa a kula domin maganin Inna. 'Yan uwanmu na Kano ko ƙanƙarar ma wuya ta yi musu.

Wani zai ce ai waɗannan tsare-tsare alheri ne, kuma na yarda. Taransifa ta rage yawo da kuɗi a jaka, ta rage wa fatake fargabar 'yan fashi. Haɗa layi da shaida yana da hujja a ƙasar da masu garkuwa da mutane ke karɓar fansa ta waya. Ba na kiran a koma zamanin wasiƙa da ɗan aike. Ƙorafina shi ne masu tsara waɗannan abubuwa suna yin lissafi da mazaunin Maitama mai layi biyu da asusu uku da sola a rufin gida. Mazaunin Jiwa da Gwagwa da Karmo da Dei-Dei layinsa ɗaya, asusunsa ɗaya, idan suka tsaya komai nasa ya tsaya, alhali tsakaninsa da ofisoshin da ake yanke hukuncin tafiyar ƙasa da sa'a guda ce.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Hukumomin lafiya na Babban Birnin Tarayya su wajabta wa kowane asibiti liƙa sashe na 20 a bakin ƙofa da Hausa da Gbagyi da Turanci, tare da lambar kai ƙara, kowane asibiti kuma ya tanadi littafin da za a rubuta majinyacin gaggawa a duba shi, a biya daga baya. Kada a sake rufe layin kowa sai an sanar da shi da harshen da yake ji, an kuma kawo wurin gyaran suna matakin mazaɓa. Kowace cibiyar lafiya a matakin farko ta samu firji mai aiki da hasken rana, a ba masu ciwon suga na unguwa damar ajiye maganinsu a ciki. Bankuna kuma su wadata mutane da tsabar kuɗi, domin ba daidai ba ne mutum ya sayi kuɗinsa da tsada a hannun mai POS a daren da ɗansa ke kwance.

Mu ma a gida mun ɗauki namu darasin, domin da tsohuwar zuma ake magani. Yanzu akwai 'yan kuɗi a ambulan da ba a taɓawa sai don asibiti, da ƙaramin littafi mai ɗauke da sunayen magungunan Inna da lambobin mutum biyar da za a nema idan waya ta mutu. Dattijon nan kuwa na mayar masa da kuɗinsa bayan kwana biyu, hannu da hannu, domin shi har yau bai buɗe asusun banki ba.