Shinkafa Ba Ta Tā da Bango

 Ya ku malamai da almajirai, ku saurara.

Ina almajiri kogin Kaduna ya yi ambaliya a Agustan 2003, ya ci gidaje a Unguwar Rimi da Malali. Ya maimaita a 2012. Na ga wata ƙungiya ta zo da shinkafa da barguna, ta jera zawarawa aka ɗauki hotonsu, ta tafi. Shinkafar ta ƙare laka ba ta bushe ba. Bangon da ya zube, wa ya tayar? Rijiyar da masai ya malala cikinta, wa ya yashe? Makarantar allonmu ta shekara a gindin mangwaro.

Waɗansu malamai sun ce ƙaddara ce. Na'am. To, wanda ya yanka fili bisa hanyar ruwa ya sayar wa talaka fa? Shi ba ku ambatonsa a mumbari, domin shi ya rufe masallacinku da kwano.

A damƙa sadaka da waƙafi ga amintattun unguwa, lissafi a bayyane, a saya wa mutanen nan fili a tudu tun rani.