A gyara amortisa kafin a ɗaura lasifika

Duk wanda ke bin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, daga Gidan Rumji zuwa Tibiri da Maraɗi, a wuce Cadawa da Agye da Gazawa, ya san babur ya zama jakin ƴan kasuwa. Shi ke fito da aya da wake da gyaɗa daga ƙauyuka zuwa bakin kwalta, shi ke kai iyayenmu mata cin kasuwa da kwanonin ƙuli-ƙuli da galan na man gyaɗa. Amma akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu duba. Da zarar saurayi ya sayi sabon Kasea ko Haojue ko Boxer, wurin mai haɗa lasifika zai fara zuwa, bakanike kuwa sai ranar da wani abu ya karye. A ganina an juya al'amarin.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai manyan baburan doguwar tafiya, irin su Honda Gold Wing da aka fara ƙerawa a 1975. Samfurin Tour na 2018 ya zo da lasifikoki, kuma da maɓalli ake gaya masa nauyin da zai ɗauka: direba shi kaɗai, ko da kaya, ko da fasinja, ko fasinja da kaya. Babur mai nauyin sama da kilo 350 ma sai an daidaita shi da lodinsa, to ina ga namu ƙanana da ake ɗora wa buhu biyu da mutum biyu?

Mu ba mu da maɓalli, amma yawancin baburanmu suna da wani zobe mai matakai, galibi 5, a jikin amortisan baya, wato shok. Idan aka murɗa shi zuwa mataki na sama sai sifirin ya ƙara matsewa, bayan babur ya daina nutsewa da yawa. Aikin minti kaɗan ne, sai dai dole dama da hagu su tsaya a mataki ɗaya. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce, in an hau an yi lodi, kada amortisa ya nutse fiye da kusan kashi ɗaya cikin uku na iyakarsa. In ya wuce haka, gaba zai yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa cikin rairayi, fitila ta koma haska sama, kowane rami kuma ya daki ƙugun wadda ke zaune a baya. Nan ne ƙwai ke fashewa, mai ya zube, ribar yini ta tafi.

A lura, murɗa zoben ba ya ƙara wa babur ƙarfin ɗaukar kaya. Iyakar nauyin tana rubuce cikin ɗan littafin da ke zuwa da shi. Amortisan da ke yoyon mai kuwa ya gama aiki, sai canji. A riƙa auna iskar taya da safe kafin ta yi zafi, a kuma matso da kaya masu nauyi kusa da direba.

Sai batun sauti. Ni ma'aikacin rediyo ne, ba zan ce a daina saurare ba. Na san masu kabu-kabu za su ce kiɗa na kore barci, yana kuma jawo fasinja. To amma kunnen direba shi ne madubinsa na uku. Wanda ya ƙure lasifika, ko ya toshe kunnuwa biyu da abin sauraro, ba zai ji hon ɗin tirelar da ta taso daga Damagaram ba sai ta iso kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarar da ta wuce ma'aunin desibel 80, in ana jin ta fiye da awa 40 a mako, tana iya lalata ji. Ga shi kuma haɗin waya na ganganci yana shanye ƙaramin batir, har hon da sigina su raunana. Ma'auni mai sauƙi shi ne: in fasinja ta yi magana direba bai ji ba, sautin ya yi yawa.

Iyayena mata da ƴan uwana ƴan kasuwa, kuɗinku ne, kayanku ne, kuma ranku ne. Kafin ku hau, ku dubi bayan babur. In ya durƙusa tun kafin a tashi, a rage kaya ko a yi sahu biyu. Kuna da ikon cewa: «Ɗana, rage kiɗan nan.» Shugabannin ƴan kabu-kabu su ma su sa wannan dubawa cikin ƙa'idar tasha, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya maido mu gida da riba.