Baƙin da ke sauka a bayan Ƙofar Kwaya

Ranar Asabar da ta wuce, bayan an idar da sallar asuba, na bi hanyar Dutsin-ma daga Ƙofar Kwaya har na wuce inda gidaje suka fara tsinkewa, na tsaya a gindin wani gawo da ke bakin gona. Hunturu ya fara naɗe tabarmarsa, hazo ya yi sauƙi, sanyin ma bai hana mutum tsayawa ba. Kafin rana ta ɗaga na ga kurciya da hazbiya da balbela da tsada da cilakowa, ga shirwa tana shawagi a sama. Waɗannan 'yan gida ne, kowa ya san su. Amma a cikin rassan gawon akwai wasu ƙanana masu launin ƙasa-ƙasa, suna ta tsince-tsince ba hutawa, waɗanda a bakinmu duk sunansu ɗaya: ɗan tsuntsu.

Ina tsaye sai wani dattijo a kan keke ya ja birki. Ya ce, "Malam, lafiya? Wani abu ya ɓace maka ne?" Na ce, "Lafiya lau, Baba, tsuntsaye nake kallo." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai ka makara, ɗana. Da ka zo lokacin da muke samari, da ka ga gauraka a fadama, ka ga burtu yana takawa a bayan gonakin nan. Ungulu kuwa har korarta muke yi." Ya hau kekensa ya tafi, ya bar ni da maganar da ta sa na ɗauki alƙalami a wannan mako.

Bari in fara da ƙananan nan da ba mu raɗa wa suna ba. Da yawansu baƙi ne. A Turai suke ƙyanƙyashe ƙwai, idan sanyin can ya matso sai su ƙetaro Bahar Rum da hamadar Sahara, su iso mana wajen watan Satumba da Oktoba, su yi rani tare da mu. Yanzu, daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin shirin komawa ne. Shi ya sa ba sa hutawa da ci: kitse suke tarawa, domin shi ne guzurinsu na ratsa hamada, inda babu ruwa babu inuwa. Akwai wani mai farin maƙogwaro a cikinsu, nauyinsa kimanin giram 15 ne. A shekarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga kusan kashi uku cikin huɗu na irinsa ba su koma ba. Da aka bi sawu, sai aka gano farin da ya fara a yankinmu na Sahel a 1968 ne ya cinye su, farin nan da ya kai mu ga yunwar 1973 wadda iyayenmu ba su manta ba. Wato abin da ya kashe shanun Bakatsine shi ya hana lambun Bature kukan tsuntsu.

Su kansu Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa ba. Wasu malamansu na da har cewa suke yi tsattsewa a cikin taɓo take kwana har sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus, sai ga mashin Afirka soke a wuyanta, ta yi doguwar tafiyar nan da shi. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. Mu kuwa mun riga mun san tafiyar tsuntsu, domin tamu shamuwar, baƙar nan mai farin ciki, ita ke yi wa manomi albishir da damina. Tana baro kudancin Afirka ta iso mana gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa a tsakiyar gari, kuma ba mai taɓa ta. Wannan ladabin da kakanninmu suka yi wa shamuwa shi nake roƙon a faɗaɗa.

A ƙasashen da kallon tsuntsu ya zama al'ada, mutum kan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita don ya ga wani tsuntsu da ba a saba gani ba. Abin da ke ba ni baƙin ciki shi ne, a Katsinar yau, tsuntsun da ya zama abin nema shi ne ungulu. Ina yaro, ba mahautar da za ka je ba ka tarar da su jere a kan katanga ba. Tambayi ɗan shekara goma sha biyar a unguwarku ko ya taɓa ganinta da idonsa. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun da ke zama cikin garuruwanmu a sahun halittun da ke gab da ƙarewa. Guba da ake sa wa mushe na cikin dalilai, haka nan cinikin kanta da ƙafafunta a kasuwannin masu magani. Hausawa suka ce ungulu ba ta jewar banza, kuma gaskiya ne: aikin tsabta take yi mana kyauta, tana kwashe mushe kafin ya ruɓe ya jawo ƙuda da karnuka. Wanda ya sayar da kanta ya ci kuɗin kwana ɗaya, unguwa ta ɗauki warin shekaru.

Sai batun itace, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar. Ba banza na tsaya a gindin gawo ba. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, daidai lokacin da baƙin nan ke neman tsutsa da ƙwari. Masu bincike daga Holan da suka shafe shekaru suna ƙidayar tsuntsaye itace bayan itace a faɗin Sahel sun tarar gawo da danginsa masu ƙaya su ne masaukin baƙin, bedi da turare kuwa kusan fayau suke. To dubi sababbin unguwanninmu. Idan aka yanka gona aka mayar da ita filaye, abin da ake fara yi shi ne sare gawo da aduwa da bagaruwa, in an gama gini a dasa bedi a ƙofar gida. Ban raina bedi ba, inuwarsa ta rufa wa birnin nan asiri. Amma inuwa kaɗai yake bayarwa. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna mana wata hanya: tun wajen 1984 manoma suka koma barin tohon itacen da ya fito da kansa a gona suna gyara shi, har aka kai ga farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gero ya ƙaru a ƙarƙashin gawo, dabba ta samu abinci, tsuntsu ya samu masauki.

Haka kududdufai. Kowace shekara ana cike wani da shara a gina shaguna, sai damina ta zo ruwa ya rasa wurin zuwa ya shiga ɗakunan mutane. Zalɓe da zakaran ƙeƙuwa da ƙirinjijiya sai dai a neme su a madatsun Ajiwa ko Zoɓe ko Jibiya, kuma halin tsaro ya sa ba kowa ke iya nisa da gari ba. Saboda haka ɗan abin da ya rage a gefen birni ya ƙara daraja.

Kada wani ya ce wannan shagalin Turawa ne. Suratun Namli ta ba mu labarin yadda Annabi Sulaiman, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya bincika tsuntsaye har ya lura alhudahuda ba ya nan. Kuma a ƙasar nan ma akwai masu yi. Fadamar Haɗeja da Nguru ta shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, kuma Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona da ke wannan fadama a 1989 saboda tsuntsayenta. A kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ta horar da matasan Najeriya da dama, kuma tun 2015 ake aikin zana taswirar tsuntsayen ƙasar nan da taimakon 'yan sa-kai. Ba a bukatar komai sai ido da haƙuri da littafin rubutu, in da hali a ƙara da tabaron hangen nesa.

Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana kan wannan hanya da na bi. Ina roƙon malamanta na sashen nazarin halittu su fito da ɗalibai ko sau ɗaya a wata su ƙirga abin da ya rage, su kuma zauna da dattawa irin mai keken nan su rubuta sunayen tsuntsayenmu na Hausa kafin su tafi da su. Malaman firamare su karɓi danƙon harbi daga hannun yaro su ba shi fensir. Kai kuma mai karatu, idan Allah ya hore maka fili a bayan Ƙofar Kwaya ka tarar da gawo a ciki, don Allah ka ce wa magini ya kauce masa.